Asalin Kakan Pushkin: Tarke a Kan Littafin Dieudonné Gnammankou

A shekara ta 1996 gidan ɗab'i na Présence Africaine da ke birnin Paris ya fitar da wani littafi cikin Faransanci mai suna Abraham Hanibal, l'aïeul noir de Pouchkine, wato Abraham Hanibal, baƙin kakan Pushkin. Marubucinsa, Dieudonné Gnammankou, masanin tarihi ne ɗan ƙasar Benin, wanda ya yi karatu a Mosko, ya kuma ƙware a harshen Rashanci. Tambayar da littafin ya ɗauko gajera ce: a wane gari na Afirka aka haifi yaron nan da aka kai wa Sarkin Rasha a 1704, wanda ya girma ya zama janar, tattaɓa-kunnensa kuma ya zama Aleksandar Pushkin (1799-1837), mawaƙin da Rashawa ke ɗauka a matsayin uban adabinsu na zamani? Kusan shekara ɗari, amsar da ake bayarwa ita ce Habasha. Gnammankou ya ce garin Logone ne, kudu da Tabkin Cadi, a ƙasar Kotoko, inda yau ake kira Logone-Birni a arewacin Kamaru.

Littafin ya cancanci malamai da ƙungiyoyin al'adu su dube shi da kyau, domin matsalar da ya tunkara sananniya ce ga duk wanda ya taɓa tattara salsalar wani gida: dattijo ya faɗi ɗaya, tsohuwa ta faɗi wata, takardar da ke cikin gafaka kuma ta zo da ta uku. Abin da ya fi amsar kanta muhimmanci shi ne yadda aka auna shaidun da suka saɓa wa juna.

Abin da ba a gardama a kansa

An haifi yaron wajen 1696. Yana ɗan shekara bakwai ko takwas aka same shi a Santambul, babban birnin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Daga nan wani ɗan kasuwa kuma wakilin Rasha, Savva Raguzinski, ya shirya aka kai shi Mosko a 1704. A 1705 aka yi masa baftisma a birnin Vilnius, Sarki Bitrus na Ɗaya da kansa ya tsaya masa a matsayin uba, saboda haka ya daɗe yana sa hannu da sunan Abram Petrov. Sunan Ganibal, wanda shi ne Hanibal a bakin Rashawa, daga baya ya ɗauke shi, sunan shahararren jarumin Kartaj da ya yaƙi Rumawa.

A 1717 sarkin ya bar shi a Faransa don ya koyi lissafi da aikin injiniyan soja. Ya shiga rundunar Faransa a yaƙinta da Ispaniya, aka ji masa rauni a kai, sa'an nan ya yi karatu a makarantar harba igwa ta garin La Fère. Ya koma Rasha a 1723. Bayan rasuwar ubangidansa a 1725 abubuwa suka juya masa, aka tura shi Siberiya a 1727. Tauraronsa ya sake haskawa a zamanin Sarauniya Elizabet, ƴar Bitrus, wadda ta ba shi gandun Mihailovskoye a 1742, ta kuma naɗa shi shugaban dakarun birnin Reval, wanda yau ake kira Tallinn. Ya kai muƙamin babban janar a 1759, ya yi murabus a 1762, ya rasu a 1781. Ɗansa Osip shi ya haifi Nadezhda, mahaifiyar Pushkin.

Duk wannan yana cikin takardun gwamnati, da kwanan wata da hatimi. Shekaru bakwai na farkon rayuwarsa su ne suka faɗa cikin duhu. Pushkin ya ruwaito cewa tsohon ya taɓa rubuta tarihin rayuwarsa da Faransanci, amma wani tsoro ya kama shi, ya sa aka ƙone takardun a gabansa. Da bangon ya tsage haka, kowane zamani ya sami wurin shigar da nasa labarin.

Shaidu huɗu

Shaida na farko shi ne Ganibal da kansa. A 1742 ya rubuta takardar roƙo yana neman a tabbatar masa da matsayin ɗan babban gida, a kuma ba shi tambarin zuri'a. A ciki ya bayyana cewa shi mutumin Afirka ne, daga gidan sarauta, an haife shi a ƙasar mahaifinsa a wani gari mai suna Lagon ko Logon, mahaifin kuma yana da wasu garuruwa biyu a ƙarƙashinsa. Bai ambaci Habasha ba. Tambarin da ya zana yana ɗauke da giwa da wasu haruffa biyar, FVMMO.

Shaida na biyu surukinsa ne, Adam Rotkirch, mijin ƴarsa Sofiya, wanda ya rubuta tarihin tsohon da Jamusanci ƴan shekaru bayan rasuwarsa. A wannan takarda ne Habasha ta fara fitowa. Ta ce mahaifin yarima ne da ke ƙarƙashin Turkawa, mai mata da yawa, an kuma ɗauki yaron ne a matsayin jingina zuwa Santambul ta jirgin ruwa, yayarsa mai suna Lagan ta bi jirgin da iyo har ta nutse. Ta ƙara da cewa nasabar gidan tana komawa ga Hanibal na Kartaj.

Shaida na uku Pushkin ne. Bai ga kakan mahaifiyarsa ba, domin shekara 18 ke tsakanin rasuwar wancan da haihuwar wannan. Abin da ya sani ya same shi ne daga hirar gida, da kuma wan kakansa, Piyotar, wanda ya ziyarta a 1825, da takardar Rotkirch. Ya saka wani bayani a kan tsohon a bugun farko na babin farko na Yevgeni Onegin, a 1827 kuma ya fara wani ƙagaggen labari a kansa wanda bai kammala ba. A 1830 wani ɗan jarida abokin gabarsa, Faddei Bulgarin, ya yi masa habaici cewa da kwalbar giya aka sayi kakan nasa, Pushkin ya mayar da martani da waƙa a kan salsalarsa. Daga nan mai karatu zai gane cewa maganar asalin nan ta shafi mutuncin gida, kuma Pushkin yana cikin masu kare mutuncin.

Shaida na huɗu malamin jami'a ne, Dimitri Anuchin, masanin jinsunan ɗan Adam. A 1899, shekarar da Rasha ke bikin cika shekara 100 da haihuwar mawaƙinta, ya ɗauki sunan garin daga takardar Ganibal, ya ɗauki sunan ƙasar daga takardar Rotkirch, ya haɗa su, ya nemo wani yanki mai suna Loggo a arewacin tsohuwar Habasha, cikin ƙasar Eritiriya ta yau, ya ce nan ne. Dalilinsa bai ɓoyu ba. A wancan zamani malaman Turai da yawa sun raba mutanen Afirka gida biyu, suna kiran Habashawa da makamantansu Hamawa, suna ɗora su a kan sauran baƙaƙen fata, Anuchin kuwa bai yarda cewa basira irin ta Pushkin za ta fito daga kashi na biyu ba. Wannan ra'ayi shi ya shiga littattafai, har aka wayi gari akwai dandali mai sunan Pushkin a Addis Ababa, aka kuma kafa masa mutum-mutumi a Asmara a 2009.

Kafin Gnammankou an sami mai shakka. Marubuci Vladimir Nabokov, a bayanin da ya haɗa da fassararsa ta Onegin a 1964, ya bi takardar Rotkirch ya nuna kurakuranta ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ambaci yankin Logone na kudancin Tabkin Cadi a taƙaice, amma bai tsaya a kansa ba.

Abin da littafin ya gyara

Babban aikin Gnammankou shi ne jera shaidun bisa kusancinsu da al'amarin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mutum ɗaya ne cikin huɗun nan ya taɓa ganin garin da idonsa, maganarsa kuma ita ce mafi tsufa, don haka ita ya kamata a fara da ita, a auna sauran a kanta. Anuchin ya yi akasin haka, ya ɗauki maganar suruki ya mai da ita ma'auni, ya tanƙwara maganar mai ita har ta shiga ciki.

Rauni a ruwayar gidan abu ne da ɗalibin lakwal zai iya ganowa da alli. Pushkin ya ce tsohon ya rasu yana cikin shekara ta 92, ya kuma ce an sace shi yana cikin shekara ta takwas. In an cire 92 daga 1781, an sami haihuwa wajen 1689, ke nan a 1704 yana ɗan shekara 15, saurayi. Lissafin biyu ba za su zauna a tabarma ɗaya ba. Haka zancen nasaba da Hanibal na Kartaj, wanda ya rayu kusan shekara 1900 kafin yaron, ado ne na masu neman girma, tun da an san mutumin ya yi shekaru yana amsa sunan Petrov kafin ya zaɓi wancan. Takardar da ta yi sakaci a shekaru, ta kuma ƙirƙiro kaka, ba za a karɓi maganarta a kan sunan ƙasa ido rufe ba. Ga shi kuma Turawan ƙarni na 18 sukan yi amfani da sunayen Habasha da Itiyopiya a kan wani babban sashe na ƙasashen baƙar fata, ba tare da iyakar da aka sani yau ba.

Da ya kawar da wannan, sai marubucin ya nemi garin da ya dace da siffar da Ganibal ya bayar: birni mai wannan suna, mai sarki, mai wasu garuruwa a ƙarƙashinsa, wanda kuma hanya ta haɗa shi da Daular Usmaniyya. Logone-Birni ya cika waɗannan sharuɗɗa. Ƙasar Kotoko ƙasa ce ta garuruwa masu ganuwa, irin su Makari, Afade, Gulfe, Kuseri da Logone, kowane da sarkinsa. Kalmar birni da ke maƙale da sunan ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe ko na Babarbare, harshen garin kuma, wanda ake kira Lagwan, yana cikin dangin harsunan Cadi tare da Hausa. Garin yana tsakanin manyan dauloli biyu, Barno da Bagarmi, a yankin da hare-haren kama bayi suka daɗe suna addaba. Matafiyin Ingila Dixon Denham ya isa can a 1824, Bajamushe Heinrich Barth kuma a 1852, dukansu sun tarar da gari mai fada da sarki.

Hanyar ma sananniya ce, kuma ta ratsa ƙasar Nijar ta yau. Ayarin da ya tashi daga Barno yakan bi ta Ngigmi, ya wuce Agadem, ya sauka Bilma da sauran dausayin Kawar, ya tsallaka zuwa Murzuk a Fazzan, ya ƙare a Tarabulus, wadda ke hannun Turkawa tun 1551. Daga Tarabulus jirgin ruwa ne zuwa Santambul. Tun a shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Barno ya aika jakadu can. Denham da abokan tafiyarsa sun bi wannan hanya a 1822 zuwa 1823, sun kuma ba da labarin ƙasusuwan bayi da suka gani zube a bakin rijiyoyi. In har Gnammankou ya yi daidai, yaron da ya zama kakan Pushkin ya sha ruwan rijiyoyin Kawar yana ɗan shekara bakwai, cikin ayarin da ba kowa ke isa ƙarshensa ba. Wannan sashe na littafin ya mai da labarin daga tatsuniyar yarima da jingina zuwa tarihin cinikin bayi na Sahara, wanda ƙasashen wannan yanki ke da hannu a ciki, a matsayin masu kamawa da kuma waɗanda aka kama.

Inda hujjar ta yi laushi

Tarke na gaskiya ba ya tsayawa ga yabo. Dukan ginin littafin yana tsaye ne a kan suna ɗaya, wanda wani mutum mai shekara 46 ya rubuta da haruffan Rashanci, yana tuno abin da kunnensa ya ji tun yana ƙaramin yaro. Tafiyar daga Logone zuwa Santambul ƙiyasi ne ya gina ta: an nuna cewa hanyar tana nan, ana kuma bin ta da yara, wannan ya tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne. Tsakanin mai yiwuwa da tabbatacce akwai tazara, littafin kuwa a wasu wurare yana magana kamar an riga an cike ta, musamman inda ya danganta yaron da wani sarkin Logone na wancan zamani mai suna Bruha. A nan marubucin ya kusa faɗawa ramin da ya ciro wasu daga ciki, wato son a sama wa babban mutum babban uba.

Abu na biyu, ba dukan abin da ke takardar Rotkirch ne ya saɓa wa Habasha ba. Turkawa sun riƙe tashar Masawa a bakin Bahar Maliya tun 1557, don haka zancen yarima mai biyan haraji da zancen jirgin teku sun fi sauƙin zama a can. Mai goyon bayan Logone zai ce garin yana bakin kogi, sunan Lagan kuma ya yi kama da Lagwan, wataƙila jikoki ne suka mai da kwalekwale jirgin teku. Amsa ce mai ma'ana, sai dai tana nuna haɗarin da ke cikin aikin: wanda ya ƙi takarda a inda ta saɓa masa, ya karɓe ta a inda ta dace da shi, wajibi ne ya faɗi ma'aunin da ya yi amfani da shi a fili.

Haka maganar haruffan tambarin. Hugh Barnes, ɗan jaridar Ingila da ya fitar da nasa littafin a kan Ganibal a 2005, ya je Logone-Birni, ya dawo da bayanin cewa kalmar tana nufin ƙasar haihuwa a harshen Kotoko. Wasu masana kuwa suna ganin farkon haruffan wata jimla ce ta Latin a kan yadda rabo ya sauya rayuwar mutum. Giwa ma ba ta raba gardama, domin akwai ta a yankin Cadi, akwai ta a Habasha, ita ce kuma dabbar da aka fi danganta Hanibal na Kartaj da ita.

Duk da haka akwai dalili ɗaya da ya sa Logone ta fi rinjaye, kuma shi ne ya fi dacewa malami ya riƙe. Takardar 1742 takardar neman muƙami ce. Mai neman a lissafa shi cikin manyan gidaje yana da riba in ya ce ubansa sarki ne, don haka wannan sashe yana bukatar taka tsantsan. Amma sunan garin ba shi da wata riba a gare shi. Babu wani a fadar Rasha da ya san Logon. Da ƙarin daraja yake nema, da Habasha ce zai ambata, ƙasar da Turawa suka sani da tsohuwar sarauta da addinin Kirista, kamar yadda surukinsa ya yi daga baya. A cikin takarda ɗaya ana iya samun magana mai nauyi da marar nauyi, kuma abin da mai magana ya faɗa ba tare da ya ci ribar komai ba shi ya fi cancanta a dogara da shi. Da wannan ma'auni, sunan garin ya tsaya da ƙafarsa, sarautar uban tana jingine, Hanibal na Kartaj kuwa ya fita daga lissafi.

Ra'ayin Gnammankou ya sami karɓuwa a wajen masana da dama. A 2010 aka kafa allon tunawa da Ganibal a La Fère, a gaban wakilan Rasha da Estoniya da Kamaru, da Sarkin Logone-Birni. Biki irin wannan yana nuna inda ra'ayi ya karkata, amma ba ya ƙara wa hujja nauyi, kamar yadda mutum-mutumin Asmara bai ƙara wa ta Anuchin ba.

Abin da ya shafi masu tattara salsala

Kai kaka zuwa wata ƙasa mai daraja a gabas ba ɗabi'ar Rashawa kaɗai ba ce. Labarin Daura ya kawo Bayajida daga Bagadaza. Girgam na Barno ya haɗa sarakunan Saifawa da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya ruwaito cewa Gobirawa daga Kibɗawan Masar suka fito. Waɗannan ruwayoyi suna da daraja, domin suna nuna abin da mutane suka ɗauka girma a zamanin da aka tsara su, da kuma inda suke so a ga fuskarsu ta dosa. Kuskuren shi ne a karanta su kamar takardar haihuwa. Ruwayar gidan Ganibal ta yi daidai wannan aiki: cikin ƴan shekaru bayan rasuwar mutumin, gidansa ya sauya masa ƙasa, ya ƙara masa shekara bakwai, ya nemo masa kaka a Kartaj, alhali ƴaƴansa suna raye, kuma gida ne na masu karatu da rubutu. In haka ta faru a rubuce cikin ƙarni ɗaya, bai kamata a ɗauka cewa baki ne kaɗai ke ƙari ba, ko a ce duk abin da ke kan takarda ya fi na maroƙi inganci.

A ƙasar da gadon sarauta da iyakar gona sukan rataya a kan wane ne ya haifi wane, wannan magana ba ta nishaɗi ba ce. Ƙungiyar da ta fita ɗaukar muryoyin dattawa a Katsinar Maraɗi ko Gobir ta Tsibiri, a Damagaram ko Adar, za ta amfana da tambayoyin da wannan littafi ya koyar, har da wuraren da shi kansa ya yi sakaci da su. A rubuta sunan mai ba da labari da shekarunsa, da wanda ya ji daga bakinsa. A rubuta ranar da aka yi hirar, da waɗanda ke zaune a wurin, domin abin da ake faɗi a fada ya bambanta da na zaure. A tambayi abin da mai maganar zai samu in an yarda da shi. A lissafa shekaru, a ga ko uba zai iya haifar ɗan da aka ba shi. In ruwayoyi biyu sun saɓa, a adana su duka biyu yadda suke, kada a narkar da su wuri ɗaya kamar yadda Anuchin ya yi. A kuma ba sunayen wurare kulawa ta musamman, na rijiya, na unguwa, na kufai, na kogi, domin su ne masu ƙari suka fi mantawa su taɓa.

Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa tun 1968 domin tarihin baka, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, wurare ne da irin wannan aiki zai sami mazauni, inda mai bincike na gaba zai iya komawa ga ainihin muryar ko ainihin takardar. Gnammankou ya iya sake buɗe shari'ar Ganibal ne bayan shekara 254 saboda takardar 1742 ta tsira, da sunan garin a jikinta yadda mai shi ya faɗe shi.